Fatar da Aka Ɗaure wa Salansa

Yayana ya rasu da damina, ana sauran 'yan shekaru Turawa su tafi. Tsohuwar lori gare shi mai shan gas, yana ɗaukar mazarƙwaila da hatsi daga Makarfi zuwa Zariya. Wata biyu kafin rasuwarsa ya fara kukan ciwon kai. Ya ce da ya shiga mota barci ke danne shi, ko da hantsi ne. Ran wata Laraba barcin ya ɗauke shi kusa da Gubuchi, motar ta gangara rami, sitiyari ya doke shi a ƙirji. Kwana uku ya yi ya cika. Motar kuwa fitila ɗaya kawai ta rasa.

Tun kafin a yi bakwai Inna ta kama sunan mutum: mijin ƙanwarmu, manomi a Saulawa, wanda suka taɓa saɓawa da Yaya kan iyakar gona. Wata maƙwabciya ta ce ta gan shi kwance ƙarƙashin motar yana ɗaure wani abu. Inna ta ce sammu ne. Ta ce in kai shi gaban alƙali a Ikara, ƙanwata kuma ta kwaso 'ya'yanta uku ta dawo gida. Na roƙe ta ta bari in gani da idona tukun.

Bayan arba'in na tayar da motar, don Yaya ya koya mini tuƙi. Ƙararta kamar ana harba bindiga. Na ce zan kai ta wurin wani tsohon maƙeri a Makarfi a sake mata salansa, wato bututun hayaƙi. Sai ga surukin namu da sassafe.

"In raka ka?" ya ce.

Ban so ba. Amma na ce ya hau, don ina son in ga fuskarsa idan an leƙa ƙarƙashi. Muka kama hanya. Sau biyu yana sauke gilashin gefensa, na riƙe wannan ma a raina.

Maƙerin ya ji mu tun daga nesa.

"Wannan mota ce ko kakata? Tarinsu ɗaya."

Ban yi dariya ba. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi. Notuna duk sun ci tsatsa, ya jiƙa su da kananzir, biyu suka kwance, sauran sai da ya sare su. Da aka jawo tsohon bututun waje, na gan shi. Daidai inda yake bi ƙarƙashin kujerar direba, an naɗe shi da wani baƙin abu, an ɗaure da tsirkiya. Na dubi surukina, shi kuma ƙasa yake kallo.

"Baba, laya ce?" na tambaya.

Maƙerin ya ɓanɓare abin da wuƙa, ya sansana.

"Laya a ina? Fatar akuya ce. Wanda ya yi wannan manomi ne. Haka kuke ɗaure ƙotar fartanya in ta tsage, ku naɗa ɗanyar fata ta bushe ta kama. To, ƙota ba ta ɗaukar zafi." Ya juya bututun. "Dubi nan. Da can ƙasa hujin yake furzar da hayaƙi. Fata ta toshe ƙasa, ta ƙone ta sama, hayaƙi ya koma bin katakon daɓe. Ga damina, gilashi a rufe. Ko giwa ce sai ta yi barci."

Surukina ya durƙusa. Ya ce shi ya ɗaure. Ya ce Yaya ne ya sa shi, wai ƙarar tana firgita shanun mutane a hanya. Ya ce tun ranar jana'iza yake zargin hannunsa, ya rasa wa zai gaya wa.

Ko Yaya ya sa shi, ban sani ba. Wanda zan tambaya yana ƙasa. Maganar iyakar gona kuma ba ta bar kunnena ba.

Maƙerin ya ɗauko bututun wata matacciyar lori, ya yi tsawo. Ya sa a wuta, ya lanƙwasa, ya gwada, ya sake lanƙwasawa. Ya huda ƙarfe biyu ya rataye shi, ya kai bakinsa har bayan taya. La'asar ta yi kafin a tayar da mota. Muryarta ta kwanta, irin yadda nake jin ta da, idan Yaya ya shawo kwanar gidanmu. Sai da na koma bayan rumfa na ɗan tsaya.

Da na dawo na ɗauki fatar na jefa a wutar maƙera.

A gida Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana jira.

"Me aka gani?"

"Tsatsa ce, Inna. Bututu ya huje."

Ta daɗe tana dubana, sannan ta shiga ɗaki. Ban je wurin alƙali ba. Ƙanwata ta zauna a gidanta har ta aurar da 'ya'yanta. Mijinta kuma muna gaisawa, muna cin tuwo kwano ɗaya ran salla. Amma har na sayar da motar, bai sake taɓa ko tayarta ba, ni ma ban taɓa ce masa ya taɓa ba.