Murfin Randata

Shekarun baya, shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, muna haya a wani gida a Ƙofar Guga. A shekarar mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙan ta. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a bikina da mai hoto ya zo, bayan rumbu ta zagaya. Wata shida da rasuwarta sai na lura in na rufe ido ba na ganin ta sosai. Muryarta na nan, amma kamanninta na suɓuce mani. Ban gaya wa kowa ba, sai dai in yi kuka a kan darduma.

Maƙwabciyata mutuniyar Filato ce, Kirista, tana koyar da zane a makarantar 'yan mata. Malama muke ce mata. Ta taɓa bin mu ƙauyenmu suna, ta kwana biyu a ɗakin Inna. Da aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Funtuwa, ta shigo sallama da wani falankin katako.

"Maman biyu, ga tsarabata. Amma daga nesa ake son shi."

Na karɓa, na duba. Ɗigo-ɗigon fenti ne, shuɗi nan, ruwan ƙasa can, kamar kaza ta taka ta bi ta kai. A raina na ce katakon da take kwaɓa fenti ne ta rasa inda za ta kai shi. Batun nesa kuwa, na ɗauka nufinta in nisanta shi da yara kada su lasa. Na yi godiya har da Allah ya bar zumunci, ni mai takardar sakandare.

Lokacin murfin randata ya fashe. Na gwada katakon, ya zauna daidai. Na bar fentin yana kallon sama. Wata uku ina ɗora moɗa a kai.

Wata rana da hantsi na wanke randar, na jingine katakon a bango ya sha iska, na leƙa zaure sayen garin kuka. Da na juyo, sai na tsaya cik. Can ƙarshen tsakar gida ga mace ta ɗan karkata, da shuɗin zane, faifai a hannu tana bakace, dusa na tashi cikin hasken safe, rumbu a bayanta. Kafaɗar hagun nan da ta fi ta dama sauka. Inna ce. Na matsa da sauri, ta watse ta koma ɗigo. Na ja da baya, ta dawo.

Da maigida ya dawo na tsayar da shi a bakin zaure. Ya daɗe yana kallo, shi da ba ya barin hoto a ɗaki.

"Ai ba fuska," ya ce. "Rataye abinki. Amma randar fa, da me za mu rufe?"

Bayan sallah Malama ta zo kwasar sauran kayanta. Ta ga zoben da gindin moɗa ya bari a kan rumbun, ta yi ta dariya.

"Maman biyu, Inna kika sa gadin ruwa?"

Na ce, "Malama, ki yafe mani. Amma me ya sa ba ki yi mata fuska ba?"

"Na tambaye ta kafin in fara. Ta ce, 'Yarinya, zana aikin, ki bar mani fuskata.'"

Har yau zanen na falona, da zoben moɗarsa. Jikokina kan manna hanci a kai su ce ba su ga komai ba. Sai in kama hannunsu mu koma bakin ƙofa. Daga nan nake yi mata addu'a kowace safiya, tana bakacenta.