Telen Kifin Ya Kaltum

Idan ka shiga Diffa Kura ka ce ina gidan Ya Kaltum, za a tambaye ka wace Kaltum. Ka ce Kaltum Jabel, ko akuyar unguwa sai ta raka ka har ƙofa. Gidan ne wanda tun daga zaure warin jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ke marin hancinka. Matar nan tsintsiya ma wanke ta take yi, ta shanya a igiya kamar zane.

'Yar Shetimari ce, cikin garkar tattasai ta girma, aure ya kawo ta gari. Shekarar da amai da gudawa ya bi kwarin Komadugu ta yi jinyar mutum uku a ɗaki ɗaya, biyu suka tashi. Tun daga nan ba ta sake yarda da ruwa ba. Da wani proje na kiwon lafiya ya zo neman matan da za su bi gida gida suna koyar da tsabta, ba su sha wahala ba. Aka ba ta riga mai aljihuna da yawa, da kwalin ƙwayar tsabtace ruwa da ake jefawa a bido, wato jarka. Jawabinta kuwa har yara sun haddace:

"Ƙwaya ɗaya, bido ɗaya. Duk wani abu mai rai da ke cikin ruwan nan, ido na ganinsa ko ba ya gani, ya gama yawo!"

Mijinta Ba Grema banda yake sayarwa a kasuwa. Ka ji haɗi. Mutumin da rigarsa ke warin hayaƙin kifi har ranar Salla, da matar da ke tare shi a zaure da sabulu.

To, ana nan sai ga 'yarsu Nazifa, wadda ke aiki a Damagaram, ta zo hutu da tsaraba: akwatin gilashi, da tsakuwa masu launi, da ɗan inji mai busa kumfa da audugar tace ruwa a cikinsa, da 'yan kifaye jajaye cikin leda, kowane bai fi tattasai ba. Ta haɗa komai a falo, ta yi bayani mai tsawo, uwar tana ta gyaɗa kai tana goge gilashin da gefen mayafi. Ba abin da ta ji sai "a kula da ruwan". Wa za a gaya wa kula da ruwa?

Ba Grema ya leƙa, ya taɓe baki. "Waɗannan ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Ni a ciyar da kifi? Ai kifi ne ke ciyar da ni."

Matan unguwa suka sa wa abin suna telen kifi, wato talabijin ɗin kifi, don ba ya bukatar eriya, kuma ko an ɗauke wuta yana ci gaba da nuna shirinsa. Wadda ta fi kowa son kallon ita ce Asta. Asta daga Damasak ta ƙetaro da 'ya'yanta lokacin gudun hijira, ba dangi ba kowa, sai hannunta na lalle. Duk amaryar unguwa ita ke zana mata. Ya Kaltum ce ta fara ba ta tabarma da tukunya, ita ma Asta ba ta kiranta sai Yaya. Kowace Juma'a bayan la'asar tana nan, su sha shayi, su ci naman mutane kaɗan kaɗan.

Juma'ar farko Asta ta manna fuska a gilashi. "Wayyo Yaya, dubi wannan mai wutsiya kamar gyalen amarya!"

Da safe mai gyalen amarya yana sama, ciki a waje.

Ya Kaltum ta ce zafi ne. Ta matsar da akwatin daga taga, ta sa masa fanka, shi Ba Grema yana zufa a gefe. Juma'a ta zagayo, Asta ta yaba wani mai ɗigon baƙi. Asabar ya bi ɗan'uwansa, har da rakiyar wasu biyu. Ya Kaltum ta ce yunwa ce, ta ƙara masu abinci, har da ɓarɓashin biredi da ɗan tuwo, don ba a kwana da yunwa a gidanta. Ruwa ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Ta kwashe shi duka ta sake sabo. Nazifa ta aiko da wasu kifayen ta motar Damagaram. Su ma ba su yi tsawon rai ba.

"Malam, kai da ka san kifi, ka duba mini mana," in ji Ya Kaltum ga mijinta.

"Ni matacce na sani, Maman Nazifa. In kin gama da su ki ba ni in kyafe."

Dije mai ƙosai ce ta fara haɗa lissafin, kuma a bakin famfo ta haɗa shi, inda kunne ya fi bido yawa.

"Ya Kaltum, ba wai na ce wani abu ba. Amma wace rana suke mutuwa?"

"Asabar."

"Wa ke zuwa Juma'a? Kin taɓa jin ta ce tubarkalla in ta yaba?"

A nan ne Ya Kaltum ta yi abin kunya. Ba ta ce e ba, amma ba ta ce a'a ba. Ta ɗauki bidonta ta ce, "Allah dai ya sani." Kuma a Diffa Kura in babbar mace ta ce Allah dai ya sani, to kowa ya sani ke nan.

Juma'ar da ta biyo Asta ta tarar an lulluɓe telen kifi da zanen gado, an rataya masa laya. Ta dubi zanen, ta dubi Yayarta. Ta sha shayinta rabi, ta ce ta bar wake a wuta. Ba ta sake dawowa ba.

Magana kuwa ta yi ƙafa. Asta na da kambun baka. In ta doso, mata su ja goyo su rufe da mayafi. Amare biyu aka kai wata unguwa lalle, aka dawo da su hannu kamar kaza ta taka taɓo, amma aka ce gara haka. Matar da lalle ne abincin 'ya'yanta ta koma zaman ƙofar ɗaki, kwanon lallenta a kife.

Abin haushi kuma, kifayen suka daina mutuwa. Guda uku suka rage, suka yi ƙiba, suna ta iyo. Dije har da rangaɗa guɗa. Ya Kaltum dai ba ta yi murna ba. Juma'a ta zame mata ranar banza. Tunda ba mai zuwa, ba ta ko taɓa akwatin, sai dai ta ɗan ƙara ruwa daga randa in ya ragu. Gilashin ya fara kore a gefe, tana gani tana kau da kai.

Sai aka ce madam ɗin proje za ta zo daga Yamai, kuma a gidan Ya Kaltum za a tara mata. Ina! Baƙuwa ta ga kore a falonta? Ta tashi da asuba ta yi abin da ta saba yi duk Juma'a kafin Asta ta zo. Ta kwashe kifi ta sa a kwano. Ta zubar da ruwan kaf. Ta wanke tsakuwa da garin sabulu, ta dirje gilashi da soso da jabel har yana ƙara, ta wanke audugar injin ta koma fara tas. Ta cika da ruwan famfo sabo. Sannan, don ba a ba baƙo ruwa haka nan, balle 'yan gida, ta jefa ƙwaya ɗaya.

Mata suka cika tsakar gida, madam a kan kujera, ƙofar falo a buɗe don kowa ya ga tele yana walƙiya. Ya Kaltum ta sa rigar aljihuna, ta ɗaga ƙwaya sama.

"Ƙwaya ɗaya, bido ɗaya. Duk wani abu mai rai da ke cikin ruwan nan..."

Idonta ya faɗa cikin falo. Kifayen uku sun taso sama, baki a buɗe, suna haki kamar sun yi tsere.

"...ido na ganinsa ko ba ya..."

Matan suka ƙarasa mata da ƙarfi, "Ya gama yawo!"

"Innalillahi," in ji Ya Kaltum. Ta jefar da ƙwayar, ta tattare zane, ta ruga. Madam ta ɗauka wasan kwaikwayo ne na proje, har ta fara tafi. Ya Kaltum kuwa ta ɗebo ruwan randa wanda ya kwana biyu ba ƙwaya, ta tsamo kifayen da matacin koko ta zuba su ciki. Biyu ba su kai la'asar ba. Ɗaya, wani ƙaramin mummuna da Asta ba ta taɓa yabawa ba, ya farfaɗo.

Ta kira Nazifa. Yarinyar ta yi dariya har ta shaƙe.

"Mama, ƙwaya kika sa masu? Ai ko ruwan famfon ma sai ya kwana a bokiti a buɗe, warin maganin ya fita. Kuma ba a zubar da shi duka, kaɗan ake ragewa a ƙara kaɗan. Sabulu kar ya taɓa komai. Wannan dattin na auduga da tsakuwa shi ke gyara masu ruwan."

"Datti ke gyara ruwa? Ke, ni za ki gaya wa?"

"Wallahi Mama. Abinci kuma ɗan mitsitsi. Tuwon nan ki bar wa Baba."

Ba Grema, da ke kunne a zaure, ya ce, "Shekara talatin ina sana'ar kifi, ashe babbar mai kisa tana cikin gidana."

Ya Kaltum ta riga ta gane abin da ya fi kifi nauyi. Da safe, lokacin da bakin famfo ya cika, ta sa rigar aljihunan nan, don in tana cikinta ba mai katse ta. Ta bi ta gidan Asta.

"Taso mu je."

"Ina, Yaya? Kar in kalli famfon ya ƙafe."

Ya Kaltum ta haɗiye wannan, don ta ci a gaya mata. Ta kama hannunta har gaban mata, ta ɗaga ƙwaya kamar kullum.

"Kun ga mayyar, ƙwayar nan. Ga kuma uwar ɗakinta," ta nuna ƙirjinta. "Duk Juma'a ni ke wanke akwatin nan don Asta za ta zo, in sa jabel, in sa ƙwaya. Ni na kashe su. Yarinyar nan ba ta kashe ko sauro ba. A bidonku ku ci gaba da sawa, wadda ta daina ni da ita. Amma Dije, ke da kika iya lissafi, 'yar ƙanwarki da za a yi wa biki, wa zai yi mata lalle?"

Dije ta sunkuyar da kai tana gyara murfin bidon da ba abin da ya same shi. "Ai dama Asta ce."

Asta ba ta ce ta yafe ba a ranar. Sai da Juma'a ta zo, bayan la'asar, aka ji sallamarta, yatsunta jajaye da sabon lalle. Ta wuce kai tsaye ta durƙusa gaban tele. Gefen gilashin ya soma kore, mummunan yana yawonsa shi kaɗai.

"Yaya, zan yaba shi fa."

"Yaba."

"Kai, wannan kyau! Wannan ido kamar na kwaɗo! Ba zan ce tubarkalla ba."

"Ki ce mana, don Allah."

"Tubarkalla." Ta juyo. Hannun Ya Kaltum ya riga ya lallaɓa ya kai kan soso, idonta a kan koren nan. Asta ta fizge soson, ta sa a ƙarƙashinta ta zauna a kai.

"Zuba shayi, Yaya. Sai na tashi za ki gan shi, kuma yau ba wake a wuta."