Allon Kawu da Na Wanke

Jiya a kasuwar Suk al-Shabi na ji busar kiɗan jaz daga wata mota, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Mai fentin motoci ne a unguwar Umbadda, nan Sudan. In ya taso daga aiki yakan kunna kaset ɗin jaz, ya ɗauki allo da tawada, yana jan layuka yadda busar take hawa da sauka.

Wata rana, ina yaro, na nemi harafi ko ɗaya a allon ban samu ba. Na ɗauka wulaƙanci ne ga allon karatu, na wanke shi tas.

Ya daɗe yana shafa jiƙaƙƙen itacen. "Ya waladi, ɗana," ya ce, "wata uku nake sauraron wannan."

Har ya rasu ban ba shi haƙuri ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya yafe mini.