Malam Zailani, Mai Sa wa Babur Murya

Da hantsi Malam Zailani yake ɗage ƙofar garejinsa da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a unguwar Peckham. Sai ya ɗora shayi, ya tayar da babur ɗin da ya kwana a wurinsa, ya kafa tsinin sukudireba a jikin inji, ƙotar kuma a kunnensa, ya lumshe ido. Jirgi na wucewa ta samansa, shi kuwa ya lula wata duniya. Shekara ashirin da shida ke nan, ga shi wannan watan zai ajiye aiki don kunnen ya gaji.

Duk mai son baburinsa ya ƙara ƙarfi ya san hanyar garejin. Amma dattijon yana da sharaɗi: ba ya ƙara wa babur gudu sai ya ga wanda ke jiran mai shi a gida.

Ta haka na san shi. Mijina Masawudu ya kai masa nasa, ya ce, "Malam, a faɗaɗa fistin, a buɗe salansa, a canza haƙoran giya. So nake ya riƙa flying."

"Wa ke jiranka?" in ji Malam.

Washegari aka zo da ni, da cikina wata bakwai da tsorona fal zuciya. Malam ya miƙo min shayi ya ce, "Rashidatu, ke me kike so babur ɗin nan ya yi?"

Na ce, "Baba, ya dawo min da shi kawai. In ji shi tun daga kwanar layinmu."

Masawudu ya sha kunu, amma sai da aka fara da birki da tayoyi kafin a taɓa inji. Giyar ma an gyara ta don sauƙin tashi daga tsaye, ba don tsere ba. Salansa kuwa kwana uku Malam yana lallaɓa ta, har ta sami wata murya mai kauri, marar hayaniya, wadda ko cikin barci nake gane ta.

Wata ranar ruwan sama bas ta shigo wa Masawudu a shataletale. Birkin da ya yi wa tsaki shi ya tsayar da shi, taku ɗaya tsakaninsu. Ni ban san komai ba. Ina goye da jaririyata a bakin taga na jiyo muryar nan ta shawo kwana.

Kai ne, Baba, mai saurare kafin taɓawa. Kai ne ka san kowane babur da mai jiransa. Masu sana'a, ku ma ku riƙa tambaya.

Ranar Asabar muka kai masa babur ɗin ya yi bankwana da shi. Masawudu ya tayar, Malam ya karkata kunne, bai ji ba. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan tanki ya lumshe ido.

Allah Ya saka maka da alheri, Baba. Ni ina jin muryar nan, kullum da yamma.