Wanda Ya Ɗaure wa Autana Hannu

Shekarun baya, wani tsohon ɗan dambe ya tare a gidan da ke bayan namu a ƙauyenmu, nan kusa da Tsiga. Ni ban yi boko ba, amma in an ce ɗan dambe na san abin da ake nufi: kalangu, layu, yawon kasuwanni da kaka, a dawo gida ba ko ƙwayar masara. Sai na sa masa ido.

Lokacin autana yana cikin rigima da ɗan maƙwabcinmu na gona, a kan kunya biyu ta dawa da kowa ke cewa tasu ce. Sun zagi juna, sun yi rantsuwa. Wata safiya ina kakkaɓe tabarmarsa na ga wuƙa, an wasa ta tana walƙiya. Na ɓoye ta a rumbu, amma wuƙa ai ba ta ƙarewa a kasuwar Funtua.

Ana haka na lura autan nawa da an idar da La'asar sai ya ɓace, ba ya dawowa sai bayan Magariba. Aka ce mini gidan ɗan damben yake zuwa, samari da yawa ma can suke taruwa. Abin da ya ɗaure mini kai, ba na jin kiɗa ba na jin kirari. Wane irin dambe ne babu kalangu?

Ran nan na kasa haƙuri. Na kife turmi a gindin katanga, na taka, tsofai-tsofai da ni, na leƙa kamar mai satar gwanda. Me zan gani? Autana zaune a ƙasa, gwiwa da gwiwa da yaron nan da suke gaba, ya miƙa masa hannun dama, shi kuma yana naɗa masa tsumma yana bi da igiya. Ban san lokacin da na sauko na zagaya ba.

"Kai bawan Allah," na ce wa tsohon, "ɗan nawa ka kawo wa maƙiyinsa ya karya masa hannu?"

Ya miƙe, ya rusuna. "Sannu da zuwa, Inna. Ai na ga ɗankwalinki a kan katanga tun ɗazu."

Samari suka ƙunshe dariya. Ni kuwa ban yi ba.

Ya shimfiɗa mini buzu, ya ce a dambe mutum ba ya iya ɗaure hannunsa da kansa, ba ya kuma iya kwancewa. Ya ce wata kaka aka kayar da shi a wani ƙauye gaba da Danja, makaɗa da 'yan rakiya suka bi wanda ya yi nasara, suka bar shi kwance a bayan fage, hannu a ɗaure yana kumbura. Limamin garin ne ya tsince shi, ya yanke igiyar, ya zubar da layun da ke ciki, ya yi jinyarsa. A wurinsa ya koyi alwala yadda ya kamata, da furfura a gemunsa.

"Shi ya sa a gidan nan, Inna, wanda za ka kara da shi, shi ke ɗaure maka hannu. In an gama shi zai kwance, ya zuba maka ruwan alwala, mu tafi masallaci."

"In ya matse don mugunta fa?"

"To shi ma zai miƙo nasa ai."

Na zauna na kalla. Ɗaurin nan yana ɗaukar lokaci, kuma dole a yi magana. Ina jin ɗan maƙwabcin yana cewa, "Ya matse?" autana ya ce, "Sassauta kaɗan, kai ko buhu ba ka iya ɗaurewa ba." Suka tashi suka daki juna har autana ya sha ƙasa. Wanda ya kayar da shi ya ɗaga shi, suka koma gefe, yana warware igiyar suna magana ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne iyakar iyawata, ban ji komai ba.

Daminar da ta biyo baya tare suka yi huɗa a wurin nan da suke rigima a kai, ba wanda ya je wurin mai gari.

Har yau ban ce dambe abin kirki ba ne, kuma jikokina sun san ba za su yi shi ina raye ba. Amma na yi wa autan nan nawa faɗa har muryata ta dishe bai ji ba, tsumma da igiya suka yi abin da na kasa. Abin da ke ci mini rai ɗaya ne, me suka faɗa wa juna a gefen nan? Na tambayi autana, yanzu da 'ya'yansa, ya ce, "Inna, ai kin ga komai daga kan turmi." Na tare ɗayan ma a hanyar gona, ya yi dariya ya ce ya manta. Ƙarya suke yi su duka biyun, kuma zan sake tambaya.