Kwalbar Fitsari a Motar Sakkwato

Bashira mai ƙosai tana kallon wata doguwar dattijuwa da ke zaune cikin motar Sakkwato a tashar Tambuwal. Hijabinta ya koɗe, tafin hannunta duk kanta. Da gani ta sha daka da noma. Ta ƙanƙame 'yar kwalba cikin leda. Ta ce fitsarin mijinta ne, korona ta taɓa masa ƙoda, likita yana son a auna gishirin da ke ciki.

Fasinjoji suka dare. Direba ya ce, "Inna, sauka ki jira wata motar."

Ta gyara takunkuminta, ta ƙara zama daram.

"Shekara arba'in nika cin gumin mutumin ga. Ba ni sauka. Mai tsoro shi sauka."

Ba wanda ya sauka. Direba ya tada mota.