Wane Ni da Sukar Malami

Da na yi ritaya na dawo Potiskum, ban yi niyyar sake riƙe alli ba. Na yi karatu a Khartum, na koyar a Marwa ta Kamaru, na yi shekaru a Yamai da Legas, na gaji da yawo. Abin da nake so kawai shi ne in shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana a Dogo Tebo in riƙa kallon kekuna masu ƙafa uku suna wucewa. Amma wani tsohon ɗalibina, wanda ya zama shugaban sashe a wata ƙaramar kwalejin horar da malamai mai zaman kanta, ya yi ta zarya, wai malamai sun yi musu kaɗan, in taimaka da kwas ɗaya. Na yarda.

Kwas ɗin a kan yadda hankalin yaro yake girma ne. Ɗaliban sun yi yawa, sai aka raba su biyu: rabi nawa, rabi na wani matashin lakcara, wanda shi ya rubuta handawut ɗin, wato takardun darasin da kowa yake karantawa.

Karantawa na ce? Hadda suke yi. Da la'asar za ka gan su a gindin dogon yaro, kowa ya rufe ido yana rangaji, yana maimaita Turanci kamar mai shirin musabaƙa. Wata rana na gwada su. Na faɗi magana a aji, bayan ɗan lokaci na faɗi kishiyarta. Suka rubuta duka biyun, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Na ce, "An gane?" Aji ya amsa da murya guda, "An gane, Baba!"

A layin gaba akwai wani mutum mai furfura a gemu, ya kai shekara arba'in da wani abu. Yaran suna ce masa Baban Aji. Malamin firamare ne a wani ƙauye bayan Nangere, Bakarkare, Hausarsa tana da karin harshen gida. Ya daɗe yana koyarwa da tsohuwar takarda, sai aka ce duk wanda bai kawo sabuwar shaidar malanta ba za a sauke shi daga aji. Ya ci komai, sai wannan kwas ɗin kaɗai ya maƙale masa. Sau biyu yana faɗuwa, don kansa ba ya riƙe hadda kamar na yara. Wannan ne zama na ƙarshe da dokar makaranta ta ba shi. In ya faɗi, ya rasa takarda, ya rasa aiki, ga iyali.

A cikin handawut ɗin akwai ra'ayin wani masanin Turai, cewa ƙaramin yaro ba ya gane cewa yawan abu yana nan yadda yake in an sauya masa mazubi. Tambayar da ake yawan yi a jarrabawa ita ce a yi nazarin ra'ayin a faɗi ƙarfinsa da rauninsa. Kalmar Turancin da ake sawa a tambayar, ɗalibai sun fassara ta a tsakaninsu da “soki”. Nan muka samu matsala.

Na ce, “Baban Aji, tashi ka soki wannan magana.”

Ya miƙe, ya gyara hula, ya sunkuyar da kai. “Allah ya gafarta Malam, wane ni?”

“Wane kai da me?”

“Da sukar malami. Mutumin nan ya rubuta littafi. Ni ko wasiƙa sai na yi ta gogewa.”

Wani yaro daga baya ya ce, “Baban Aji, soke shi kawai, ya mutu tuntuni, ba zai kai ƙara ba!” Aji ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi. Ya tsaya har sai da na ce ya zauna.

Na koma gida raina a ɓace. A Khartum, ranar da malami ya gama lacca ba wanda ya ja da shi, sai ya ɗauka bai yi komai ba, muhawarar takan bi mu har wurin mai shayi. Kalmar da Larabawa suke amfani da ita wajen irin wannan nazari, asalinta daga aikin mai canji ne, wanda yake jujjuya tsaba ya ga ta gaske ce ko jabu. A Marwa kuwa, tsarin Faransawa tilasta maka yake yi ka kawo hujja, sannan ka juyo ka rushe ta da hannunka, kafin a saurari ra'ayinka. Mu kuma kalmar da ta faɗo mana ita ce wadda ake yi da wuƙa. Yaya za ka ce wa mutumin da aka rena da durƙusa wa malami ya zaro wuƙa?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutanen nan ba ragwaye ba ne wajen gardama. Ranar kasuwar shanu na je rakiyar wani maƙwabcina, sai ga Baban Aji yana taya ɗan'uwansa sayen bijimi. Mutumin da ba ya iya ɗaga ido a aji, ga shi ya kama bakin sa ya buɗe, yana duba haƙora, yana ce wa dillali da Fulatanci, “Wannan ne ɗan shekara uku? To ni ma jiya aka yaye ni.”

Na ja shi gefe. Na ce, “Da ka buɗe bakin san nan, zagin mai shi ka yi?”

“A'a, Malam. Ai saye zan yi.”

“To ra'ayin nan ma saye za ka yi, ka kai wa yaran mutane. Buɗe bakinsa ka duba.”

Sannan a hankali, yana waige-waige kamar mai tsoron kada a ji, ya ce, “Gaskiya, Malam, akwai wata 'yar ajina, ba ta wuce shekara shida ba, tana tallan gyaɗa. In ka juye mata gwangwani ɗaya a faranti mai faɗi ka ce ya ƙaru, sai ta yi maka dariya.”

Na ce, “Shi ke nan! Abin da nake nema ke nan tun farkon zango!”

Daga nan muka fara. Yakan biyo ta gidana kafin ya nemi motar Nangere, mu zauna a zaure. Ya faɗi abu da Hausa, mu juya shi zuwa Turanci mai sauƙi. Da wuya. Kowace jimla sai ya fara ta da neman afuwa, ni kuma in goge. Amma ya koya. Ya iya cewa ga inda masanin ya yi daidai, ga inda maganarsa ba ta hau kan yaran da suke awo da kiwo tun suna ƙanana ba, ga kuma dalili.

Tambayar ta fito a jarrabawa. Da ya fito daga ɗakin, fuskarsa a sake take. Ya ce, “Malam, na duba haƙoran.”

A kwalejin, malaman kwas a tare suke duba takardu, a cakuɗa su a raba. Tasa ta faɗa hannun matashin lakcaran. Ina zaune a gefensa na ga ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa. Na karɓa na karanta. Turancin yana ɗingishi, amma a cikin tarin takardun nan ita kaɗai ce aka yi tunani a cikinta.

Na ce, “Ɗana, me ya yi?”

“Baba, bai kawo abin da ake nema ba.” Ya nuna mini takardar amsoshin da ya tsara. Raunin ra'ayin ma an riga an jera shi a handawut, ɗalibi ya haddace ya zubo. “Ina 'yar tallan gyaɗa a nan?”

“Tambayar cewa ta yi ya yi nazari.”

“Ranka ya daɗe, in kowa ya rubuta abin da ya ga dama, da me zan auna? Gobe wani ya kawo mini labarin akuyarsa.”

Ban ce ba shi da hujja ko kaɗan ba. Yaro ne mai ƙoƙari, takardu sun fi ƙarfinsa, shi ma haka aka koyar da shi. Amma da aka haɗa makin, Baban Aji bai kai arba'in ɗin da ake cin kwas da shi ba. Na ɗauki takardar na wuce ofishin shugaban sashe, na ajiye masa, na ce ya karanta. Ya leƙa shafin farko, ya leƙa agogo. Na yi ta magana. Na kawo Khartum, na kawo Marwa. Yana ta “Haka ne, Baba, haka ne,” irin wadda ake yi wa tsoho don ya yi shiru.

Daga ƙarshe ya ce, “Baba, kada ranka ya ɓaci. Dattijo ne, ga iyali. A cika masa arba'in ya wuce. Taimako ne.”

Na ce ba taimako nake roƙo ba, haƙƙinsa nake nema. Ya ce sakamakon ɗaya ne. Ya sa hannu. Na tsaya riƙe da ƙofa, sannan na fita, don in na ci gaba da ja, arba'in ɗin ma tana iya suɓucewa, kuma aikinsa ne a kan siraɗi, ba nawa ba.

Bayan an kafe sakamako ya zo gida da buhun wake a cikin keke mai ƙafa uku. Ya durƙusa, ya yi godiya mai tsawo. An karɓi takardarsa, ajinsa yana nan. Na yi murna, Allah ya sani. Muka sha ruwa, muka taɓa zancen damina. Da zai tafi sai ya ce ƙanensa ma ya samu shiga kwalejin, zai yi kwas ɗin baɗi.

Na ce, “Madalla. Ka koya masa abin da muka yi.”

Ya sosa gemu. “Malam, yaran da suka yi hadda saba'in suka samu. Ni da ƙyar aka tsallakar da ni.” Babu zargi a muryarsa, lissafi kawai yake yi. “Abin da ka koya mini yana nan, da shi nake koyar da yarana yanzu. Amma shi na ce masa ya haddace tukuna. In ya karɓi takarda, sai ya yi tunani.”

Na raka shi bakin titi, na tsayar masa da keke.